Lauyan Ƙauye a Nuremberg: Amsa ga Kamarad Mai Cewa Duk Kanwar Ja Ce

A ƙasidarmu da ta gabata wani kamarad ya cika shafi huɗu yana ragargazar shari'ar Nuremberg. Ya ce wasan kwaikwayo ce, waɗanda suka ci yaƙi ne suka rataye waɗanda aka ci. Ya ce Robert Jackson, Ba'amurken da ya gabatar da ƙara da sunan ƙasarshi, karen farautar manyan ƙasashe ne aka sa ma rigar lauya. Daga nan ya daka tsalle ya dira kotun duniya ta La Haye, ya rufe da cewa duk kanwar ja ce. An tafa mashi ƙwarai a fada. Ni ban tafa ba, kuma tunda shafin nan na kowa ne, bari in faɗi dalilina.

Kamarad, ka zagi mutum ba ka san ko wane ne ba. Wanda ya karanta rubutunka zai ɗauka Jackson ɗan gidan sarauta ne da aka raina a manyan jami'o'i don a ɗora shi bisa talakawan duniya. An haife shi a 1892, ya tashi a Frewsburg, wani ƙauye can ƙuryar yammacin jihar Niyok, nesa da birnin da kuke gani a sinima. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a irin ni da kai ba. Da ya gama sakandare sai ya shiga ofishin wani lauya danginshi a garin Jamestown, yana ɗaukar takardu, yana karanta littattafan doka, yana kallon yadda ake aiki, kamar yadda yaron tela ke farawa da ɗinkin maɓalli. Shekara ɗaya tak ya yi a makarantar koyon shari'a ta Albany, kuma da ya gama ba su ba shi digiri ba, don bai cika shekara 21 ba. A 1913 ya ci jarrabawar zama lauya. Har yau shi ne mutum na ƙarshe da ya hau kujerar Kotun Ƙolin Amurka ba tare da digirin shari'a ba. Ina faɗin wannan ne musamman don ƴan uwanmu da ke ganin in takardarka ba ta ɗauke da hatimin Faransa, ko aƙalla na Dakar, to kai ba kowa ba ne.

Jamestown gari ne na masassaƙa, masana'antun kujeru da gadaje, mutanenshi ba su kai 50,000 ba. Nan ya yi kimanin shekara 20 yana lauyanci. Ba ya zaɓen mai ƙara. Yau manomi, gobe ƙungiyar ma'aikata, jibi banki ko kamfanin tarho. Kuma ɗan jam'iyyar Demokarat ne a yankin da ƴan Rifablikan suka mamaye, wato ɗan adawa a gida. Duk wanda ya tashi a ƙaramin gari ya san abin da wannan ke nufi. Mutumin da ka kayar a kotu da safe, da shi za ka gamu wurin jana'iza da la'asar. Wanda ka sa aka kulle, ka san uwarshi, ka san ɗiyanshi, ka san shagon da zai rufe. Lauyan babban birni fayil yake gani, na ƙaramin gari kuwa ba shi da inda zai ɓoye ma idon jama'a. A 1950, yana alƙalin Kotun Ƙoli, Jackson ya rubuta maƙala ta yabon irin waɗannan lauyoyin karkara, yana kukan sun fara ƙarewa. Ni a ganina duk abin kirkin da ya yi daga baya, daga wannan makaranta ya ɗauko shi.

A 1934 shugaba Roosevelt ya kira shi Washinton, ya zama babban lauyan hukumar haraji. Hawan ya yi sauri: a 1938 shi ke kare gwamnati gaban Kotun Ƙoli, a 1940 ya zama ministan shari'a, a 1941 alƙalin Kotun Ƙoli. Ba hawan ne ya dame ni ba. Abin da nike so ɗalibanmu na sashen shari'a su sani, shi ne abin da ya faɗi ran 1 ga Afrilu 1940.

A ranar ya tara masu gabatar da ƙara na tarayya, waɗanda ke ƙarƙashinshi, irin wanda mu nan muke kira procureur. Wani ministan da ya samu wannan taro zai ce masu su ƙara ƙaimi ne, su cika gidajen kaso. Shi kuwa ce masu ya yi su ji tsoron kansu. Ya nuna masu cewa babu wani mutum a Amurka da ke da iko bisa rai da ƴanci da mutuncin ɗan ƙasa kamar mai gabatar da ƙara. Yana iya sa a binciki mutum, a yi ta tambayar maƙwabtanshi har sunanshi ya ɓaci, ko da ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Ya ce babu mai iya bin kowane laifi, dole a zaɓa, kuma ya ba da misali da dokokin hanya: in ƴan sanda suka ce za su aiwatar da su kaf, to da safiya guda sai su kama rabin masu tuƙi. Duk ɗan kabu-kabun Maraɗi zai gane wannan ba sai an fassara mashi ba. To tunda dole a zaɓi ƙara, ashe ana iya zaɓen mutum. A nan ya ce haɗarin yake: a fara nuna mutumin da ake so a kama, sannan a buɗe littattafan doka ana neman laifin da za a liƙa mashi. Littattafan kuwa cike suke, ba wanda za a bincika a rasa ɗan wani abu. Daga nan laifin mutum na gaskiya ya koma masu mulki ba su son shi, ko ra'ayinshi bai yi masu ba, ko kuwa ya tsone ma mai gabatar da ƙarar ido.

Kamarad, ka sake karanta sakin layin nan, ka gaya mani ko akwai wani ɗan gwagwarmaya a cikinmu da ya taɓa bayyana ciwon da ke damunmu sarai haka. Kuma ba a baki kaɗai ya tsaya ba. Makonni kaɗan kafin wannan jawabi, jami'an FBI sun yi dirar asuba a birnin Detroit, suka kama mutane bisa zargin sun tara ƴan sa-kai zuwa yaƙin basasar Sifen, yaƙin da ya riga ya ƙare. Jackson, sabon minista, ya sa aka janye tuhumar.

Ba waliyyi nike sayar maka ba. Ga shari'ar Andrew Mellon, hamshaƙin attajiri, tsohon ministan kuɗi na ƴan Rifablikan. Gwamnatin Roosevelt ta so a tuhume shi da zambar haraji, taron ƴan ƙasa da ke tantance tuhuma a Pittsburgh ya ƙi amincewa, sai aka koma hukumar sauraren ƙarar haraji, kuma Jackson ne ya riƙe ƙarar. A ƙarshen 1937, bayan Mellon ya mutu, hukumar ta ce ba zamba, amma akwai sauran haraji a kanshi. Mutane da yawa a lokacin sun ce siyasa ce, an nuna mutum ne sannan aka nemo laifi. Ina jin ƙamshin gaskiya a maganarsu. Haka a 1951, lokacin da tsoron kwaminisanci ya rufe ma Amurka ido, Jackson yana cikin alƙalan da suka tabbatar da ɗaurin shugabannin jam'iyyar kwaminis, alhali babban abin da aka riƙe a kansu koyarwa ce da shirya jam'iyya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Sai dai lura da wani abu: da wane ma'auni na auna shi yanzu na same shi da ragi? Da mudun da shi kanshi ya sassaƙa a 1940. Kai da ka ce duk kanwar ja ce, ba ka bar ma kanka mudun auna kowa ba.

Kuma mutumin nan da ya gaza a 1951, shi ne a 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya rubuta hukuncin da ya ce gwamnati ba ta da ikon tilasta ma yaran lakkwal su sara ma tuta in addininsu ya hana. Shi ne a 1944 ya ƙi bin rinjayen abokan aikinshi a shari'ar Korematsu, lokacin da gwamnatin Roosevelt, ubangidanshi, ta kwashe kimanin mutum 120,000 ƴan asalin Japan ta zuba a sansanoni. Alƙalai 6 suka ce daidai ne, 3 suka ce a'a, yana cikin ukun. Hujjarshi ita ce umurnin soja yana wucewa da wucewar yaƙi, amma in kotu ta sa mashi albarka, ya zama kamar bindiga ɗure da aka aje, tana jiran duk mai mulkin da zai zo gobe ya ce akwai larura. Mu da muka ga tsarin mulki ya zo ya tafi sau da yawa a ƙasar nan, ba mu buƙatar mushe ya yi mana bayanin wannan bindiga.

Yanzu mu zo Nuremberg, inda ka fi zaƙewa.

Ka ce shari'ar masu nasara ce. Gaskiya ne, kuma ka ma rage. Bari in ƙara maka harsashi, tunda naka sun yi kaɗan. An sa hannu bisa yarjejeniyar Landan da ta kafa kotun ran 8 ga Agusta 1945, kwana 2 bayan Hiroshima, ana gobe Nagasaki. Alƙalin da Tarayyar Sobiyet ta aiko, Nikitchenko, yana cikin waɗanda suka zauna shari'ar bogi ta Mosko a 1936. Ƴan Sobiyet sun cusa kisan dajin Katyn cikin takardar tuhuma, suka ɗora ma Jamusawa, alhali su suka kashe dubban hafsoshin Polan ɗin a 1940, abin da Mosko ba ta amsa ba sai 1990. Faransa kuwa, wadda ta zauna kujerar alƙali tana la'antar aikin tilas, a ranar da aka buɗe kotun kakanninmu suna cikin aikin tilas a nan ƙasar, don ba a soke shi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. Ran 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa ya buɗe wuta a Thiaroye bisa sojojin Afirka da suka dawo daga bursunan Hitila suna neman haƙƙinsu, kuma waɗanda aka kai kotu bayan haka su ne waɗanda suka tsira, ba masu harbin ba. Ran 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke bikin ƙarewar yaƙi, aka fara zubar da jini a Sétif ta Aljeriya. Sojan Amurka da ke gadin kotun, baƙi da farare ba su kwana ɗaki guda.

Har Jackson kanshi yana da hannu a wannan rufa-rufa. A taron Landan ya tsaya a kan cewa laifin cin zarafin bil'adama ba zai shiga hurumin kotun ba sai in yana haɗe da yaƙi, kuma bai ɓoye dalili ba: ya ce a ƙasarshi ma akwai lokutan da ake zaluntar ƴan tsiraru. Wato ya san in aka buɗe ƙofar gaba ɗaya, baƙar fatar kudancin Amurka za su shigo da tasu ƙarar. Wanzami ba ya son jarfa. A watan Oktoba 1945 ya rubuta ma shugaba Truman cewa ƙawayen suna aikata wasu daga cikin abubuwan da ake tuhumar Jamusawa da su. Shugaban Kotun Ƙolin Amurka na lokacin, Harlan Stone, a ɓoye yana kiran abin taron dangi da aka yi ma ado. Ka ga ashe sukar da ka kawo mana da zafinta kamar sabon ƙosai, ta girmi ubanninmu.

To amma tambayar da ka tsallake ita ce, in ba a yi shari'ar ba me za a yi? Ba sakin su za a yi ba. Churchill so ya yi a kama manyan a tabbatar da sunansu a harbe. Stalin a taron Teheran na 1943 ya ɗaga kofi yana maganar harbe hafsoshin Jamus 50,000. A cikin gwamnatin Amurka ma akwai masu wannan ra'ayi, irin su Morgenthau ministan kuɗi. Wannan shi ne ainihin hukuncin mai nasara: bango da bindiga. A watan Afrilu 1945, tun ba a ba shi aikin ba, Jackson ya yi jawabi gaban masana dokar ƙasa da ƙasa. Ya ce in an riga an ƙudura kashe mutum, to a kashe shi da sunan siyasa ko yaƙi, kada a ɓata sunan kotu. Kada ka kai mutum gaban alƙali in ba ka shirya ganin an sake shi ba idan hujja ta gaza. Ran 2 ga Mayu Truman ya naɗa shi, da wannan sharaɗi a bakinshi.

Me ya faru? An tuhumi mutum 24. Ɗaya ya kashe kanshi kafin a fara, ɗaya tsufa da ciwo suka hana a gurfanar da shi, aka yi ma 22 shari'a, ɗaya daga ciki ba ya nan. Kowa da lauyanshi. Ran 1 ga Oktoba 1946 aka yanke ma 12 hukuncin kisa, 7 ɗauri, aka saki 3: Schacht, von Papen da Fritzsche. Jackson bai ji daɗin sakin Schacht ba ko kaɗan, shi da ya so ya nuna yadda masu kuɗi suka ɗaure ma Hitila gindi. Alƙalin Sobiyet ya rubuta rashin amincewa. Duk da haka mutanen nan uku suka fita. Zancen Katyn kuwa, lauyoyin kariya suka kawo shaidu, hujjar Sobiyet ta yi rauni, hukuncin ya fito babu ko ambatonta. Lauyan Dönitz, shugaban sojan ruwan Jamus, ya samo amsa a rubuce daga Nimitz, babban hafsan ruwan Amurka, cewa su ma haka suka riƙa nutsar da jirage ba gargaɗi a tekun Pasifik, kotun ta ƙi ɗora hukuncinshi bisa wannan laifi.

Akwai ma abin da masu son Jackson ba su cika son a tuna ba, ni kuwa shi na fi so. A watan Maris 1946 ya tashi yi ma Göring tambayoyi, Göring ya yi wasa da shi kamar kyanwa da ɓera. Tambaya guda, amsa ta zama lacca. Jackson ya roƙi alƙalai su taka mashi birki, suka ƙi, ya hasala a gaban duniya. Sai da lauyan Ingila, Maxwell Fyfe, ya zo ya gyara ɓarnar. Lauyan ƙauye ya ji kunya, ba shakka. To kamarad, a wace shari'ar bogi ka taɓa jin wanda ake tuhuma ya kunyata mai gabatar da ƙara, alƙalai suna kallo suna cewa a bar shi ya gama? A Mosko kowa amsa laifi yake yi yana roƙon a hukunta shi. In ba ka iya bambance waɗannan biyu ba, me kake karantawa shekara uku a jami'a?

Wani abu kuma da ya nace a kai shi ne takarda. Ya ƙi gina ƙarar bisa bakin shaidu kaɗai, har suka ɓata da Janar Donovan, shugaban leƙen asirin Amurka, wanda ya tattara nashi ya koma gida. Jackson ya ce da rubutun Jamusawa za a kama Jamusawa: umurninsu, rahotanninsu, lissafin gawarwakin da suka yi da hannunsu. Ƴan jarida suka yi ta hamma, wai shari'ar ba armashi. Amma saboda tarin takardun nan ne yau duk mai musun kisan Yahudawa miliyan 6 yake zama abin dariya. Wannan dabara ce ta wanda ya saba da rigimar gona da bashi: shaida yana mutuwa, yana mantuwa, ana sayen shi, amma sa hannun mutum yana nan.

Kuma a jawabinshi na buɗe ƙara, ran 21 ga Nuwamba 1945, ya faɗi maganar da ta zame ma ƙasarshi ƙaya har gobe. Ya ce da abin da suka auna waɗannan mutane tarihi zai auna su, in suka miƙa masu kofin guba to sun kai shi bakinsu ne, kuma dokar hana yaƙin zalunci dole ta hau kan kowace ƙasa, har da waɗanda ke zaune bisa kujerar alƙalanci. Amurka ba ta cika wannan alkawari ba. Ta sa hannu bisa yarjejeniyar Roma a 2000, ta janye a 2002. Duk wanda ya tsaya yau ya ce ma Washinton yaƙin Iraƙi na 2003 laifi ne, da maganar ɗansu yake dukan su. Kai kuma kana so mu jefar da wannan sanda don ba mu muka sare ta ba.

Ga abin da ya fi ba ni haushi a rubutunka. Ka ce waɗannan dokoki ba su taɓa amfanar baƙar fata ba. Haba kamarad, Chadi fa maƙwabciyarmu ce. Hissène Habré ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, Amurka da Faransa suna dafa mashi. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarshi ta ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. Wa ya bi shi? Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafi da ya fito daga kurkukunshi da ƙyar, ya riƙa tara bayanan waɗanda aka azabtar yana ɓoyewa. Jacqueline Moudeina, lauya ƴar Chadi, wadda aka jefa ma gurneti a 2001 ba ta fasa ba. A shekarar nan aka tarar da takardun DDS, ƴan sandan asirin Habré, zube a tsohon ofishinsu, da sunayen fursunoni da na matattu. Takarda kuma, irin ta Nuremberg. Ran 30 ga Mayu 2016, a Dakar, kotun da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa, ƙarƙashin alƙali ɗan Burkina Faso, ta yanke mashi ɗaurin rai da rai bisa cin zarafin bil'adama, laifin da ke rubuce a takardar Landan ta 1945. Ka san me Habré ya riƙa ihu da shi lokacin da ake shigo da shi kotu da ƙarfi? Ƴan mulkin mallaka, ƴan amshin shata. Kusan kalmominka. Ban ce kai Habré ne ba, Allah ya kiyaye. Na ce taken da ka rera, masu jini a hannu sun fi ka iya shi, kuma sun fi ka buƙatarshi.

Jackson ya koma kujerarshi a 1946. A watan Mayu 1954 ya taso daga gadon likita, bayan bugun zuciya, don ya zauna ranar da kotu ta haramta raba yara baƙi da farare a makarantu. Ya mutu ran 9 ga Oktoba na shekarar, aka mayar da shi Frewsburg aka rufe.

Da yawa daga cikinmu masu karatun shari'a, in Allah ya sa an ci gasar shiga aikin alƙalanci, ba La Haye za a tura mu ba. Wani ƙaramin gari za a kai mu, inda babu lauya ko ɗaya, tunda kusan dukkansu suna Yamai. Can za a kawo maka yaro daga jandarma, ya yi kwanakinshi a tsare, ba ya jin faransanci, kai kaɗai za ka ce a sake shi ko a wuce da shi kaso. Wani ɗan unguwarmu haka ya yi wata 7 a ciki bisa zargin salula, ba a yanke mashi komi ba, ranar da aka tuna da fayil ɗinshi aka ce ya tafi gida. Matarshi ta riga ta koma gidansu. Ba Ba'amurke ya yi mashi haka ba, ba Bafaranshe ba. Wani ne da ya zauna bisa bencin da muke zaune yanzu. Kuma tsarin da muka gada ya sa mai gabatar da ƙara a ƙarƙashin ministan shari'a, don haka wata rana salula za ta yi ƙara, a ce maka wane ya cika surutu a rediyo, a duba mashi wani abu. A ranar, in abin da ka ɗauko daga jami'a shi ne duk shari'a ta mai ƙarfi ce, to ka riga ka ba kanka fatawa, sai ka buɗe littafi ka nemo laifin, ka yi barcinka lafiya. Wanda ya yarda ba a taɓa yin adalci ba a duniya, ba shi da dalilin ɓata ma minista rai.

Don haka ga tayi, kamarad. Zaman kotun ƙananan laifuka a buɗe yake ga kowa. Ka zo mu tafi tare ranar zama mai zuwa, kowa da bik da takarda. Mu ƙirga mutum nawa aka gurfanar, nawa ke da lauya, wata nawa kowane ya yi a kaso kafin ranar, minti nawa aka ba shi, da ko an fassara mashi abin da aka ce a kanshi. Mu buga lissafin a fitowa ta gaba, sunana da naka a ƙasa. Kuɗin fotokofi ni zan biya.